Ƙungiyar jami'armu ta hana ni barci: yau ta doke manya, jibi ta faɗi hannun ta ƙasan tebur

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun digiri na biyu a wata jami'a da ke tsakiyar Amurka. Kafin in zo ban san ƙwallon kwando ba sai a talabijin. Abokan ajinmu ne suka ja ni filin wasan makaranta, tun daga ranar na kamu. Bana ƙungiyarmu ta maza ta ci wasa 11 cikin 12 na farko, har ta shiga jerin 25 na ƙasa. Da Janairu ta kama sai ta sha kashi a wasa 5 cikin 7, uku daga ciki a jere. Ta farfaɗo ta doke wadda ke jan ragamar rukuninmu, bayan kwana huɗu kuma ta je ta faɗi a hannun ta ƙasan tebur. Yanzu mun ci 16, an ci mu 8, saura wasa 7. Duk daren da aka ci mu ba na barci sai ƙarfe biyu ko uku, ina kan waya ina karanta zage-zage, ni ma ina rubuta nawa a kan koci. Na makara sallar Asuba ba sau ɗaya ba, aikin aji ya taru mini, na yi cacar baki da abokin zamana har ba ma magana. Shin ƙungiyar nan tana da kyau ko ba ta da shi? A kori kocin ne? Ni kuma yaya zan yi da raina?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Tambayoyinka uku ne, kuma ta farkon ce ke riƙe da sauran, don haka a kanta za mu fi daɗewa.

Abin da ya yaudare ka shi ne nasara 11 cikin 12 ɗin nan ta Nuwamba da Disamba, ba kashin Janairu ba. Manyan jami'o'i su ke tsara wa kansu wasannin farkon kaka, kuma da yawa daga ciki da ƙananan makarantu ake yi, waɗanda ake biya kuɗi su zo gidanka su buga ba tare da ka rama musu ziyara ba. Buɗe jadawalin ka ƙirga da kanka. Cikin wasa 12 ɗin, nawa aka buga a gidan abokan hamayya? Sau da yawa ɗaya ne ko biyu. Nawa aka buga da ƙungiyar da ke cikin 50 na farko a ƙasa? In ka samu huɗu, jadawalin ya yi ƙoƙari. Jerin 25 da kuka shiga kuwa ƙuri'ar 'yan jarida ce kimanin 60 da kamfanin dillancin labarai na AP ke tattarawa ya fitar duk ranar Litinin, kuma masu ƙuri'ar sun fi kallon yawan nasara fiye da wanda aka ci. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, ku kuma kun yi yabon tun kafin Kirsimeti.

Daga ƙarshen Disamba wasa yake sauya fuska. A manyan rukunoni kowace jami'a tana buga wasa 18 zuwa 20 da takwarorinta, rabinsu a waje. Masu lissafin wasan sun daɗe da ƙiyasta cewa buga wasa a gida yana ba ƙungiya fifikon kusan maki 3. Ka ga ke nan tsakanin karɓar baƙo da zama baƙo akwai tazarar maki 6, a wasan da galibi ake rabuwa da tazarar da ba ta kai 10 ba. Sannan kociyoyin rukuni ɗaya sun san juna. Zuwa Janairu kowa yana riƙe da bidiyon wasanninku goma sha wani abu, an san ɗan wasan da ba ya iya tuƙa ƙwallo da hannun hagu, an san wanda za a ƙyale shi ya yi jifan nesa don ba ya shiga. 'Yan shekarar farko da suka yi tashe a Nuwamba suna shiga watan da jikinsu bai saba kaiwa da irin wannan nauyi ba, ga tafiye-tafiye, ga sabon zangon karatu.

Yanzu ga wani lissafi da za ka iya gwadawa a takarda. Ɗauki ƙungiya mai kyau wadda a kowane wasan rukuni take da damar nasara kashi 60 cikin 100. A wasa 20 ana sa ran ta ci 12, a ci ta 8, wanda a babban rukuni sakamako ne na mutunci. To yiwuwar irin wannan ƙungiya ta sha kashi uku a jere, aƙalla sau ɗaya cikin wasa 20 ɗin, ya haura rabi. Ba tare da kowa ya ji rauni ba, ba tare da 'yan wasa sun yi faɗa ba, ba tare da koci ya manta aikinsa ba. Kashi uku a jeren da ya hana ka barci abu ne da ya fi kusa da faruwa fiye da rashin faruwa.

Dalilin da ya sa wasa ɗaya ba ya faɗin gaskiya sosai shi ne gajartarsa. Minti 40 ne kacal, rabi biyu na minti 20, kuma kowace ƙungiya tana kai hari kimanin sau 65 zuwa 70. A cikin waɗannan hare-hare, 20 zuwa 25 suna ƙarewa ne da jifan maki uku daga bayan layin mita 6.75. Ƙungiyar da ke zura kashi 35 cikin 100 na irin wannan jifa, idan ta yi 24 a wasa, matsakaicinta 8 ne ko 9. Amma daren da ta zura 6 da daren da ta zura 11 duk cikin al'ada suke, da 'yan wasa ɗaya, da tsari ɗaya, da irin damar jifa ɗaya. Tsakanin 6 da 11 akwai maki 15. Ƙara da cewa abokan hamayya ma suna da nasu daren sa'a da na tsiya. Ken Pomeroy, wanda shafinsa na KenPom ya zama madubin kociyoyi da 'yan jarida, ya daɗe yana nuna cewa masu tsaron baya suna iya rage yawan jifan nesa da za a yi musu, amma ikonsu a kan ko jifan zai shiga kaɗan ne. Muna kyautata zaton in ka duba takardar alƙaluman wasan da kuka doke ta ɗaya da na wasan da ta ƙasan tebur ta ci ku, a layin jifan maki uku za ka ga mafi yawan bambancin.

Haka wasannin da ake rabuwa da tazarar maki 1 zuwa 5. Nan ne magoya baya ke cewa ƙungiya "ba ta da zuciya" ko "ta iya ƙarasa wasa". Akwai ɗan abin da koci ke iya yi a mintunan ƙarshe, amma babban rabo na sa'a ne: busar alƙalin wasa guda ɗaya, ƙwallon da ta zagaya bakin kwando ta fito, ko jifan kyauta. A wasan maza, daga ƙeta ta 7 da ƙungiya ta yi a rabin lokaci, wanda aka yi wa ƙetar sai ya zura jifan farko kafin a ba shi na biyu, sai daga ta 10 ake ba shi biyu kai tsaye. Yaro ɗan shekara 19 mai zura kashi 70 cikin 100 zai ɓarar da na farkon sau 3 cikin 10, ko an yi masa ihu ko ba a yi ba. Ƙirga wasanninku 8 da aka ci ku. Idan huɗu ko biyar da ƙaramar tazara ne, ƙungiyarku ta fi yadda 16 da 8 ke nunawa. Idan kuma nasarorinku ne suka cika da ƙananan tazara, kashin kuma manya ne, to ta gaza haka, kuma gara ka sani tun yanzu.

Ga aikin minti biyar da za ka riƙa yi bayan kowane wasa, a maimakon sa'a huɗu kan waya. Buɗe takardar alƙaluman wasan a shafin makarantarku ko na ESPN. Fara da gano yawan hare-hare: ɗauki adadin jifan da aka yi cikin wasa, cire ƙwallayen da kuka sake cafkewa bayan jifanku ya ƙi shiga, ƙara yawan zubar da ƙwallo, wato sau nawa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya kafin ku yi jifa, sannan ƙara adadin jifan kyauta bayan ka ninka shi da 0.475. Misali, jifa 58, sake cafkewa 10, zubarwa 14, jifan kyauta 20. Wato 58 a cire 10 a ƙara 14 a ƙara 9.5, ya ba da hari 71.5. Idan kun ci maki 68, kun samu 0.95 a kowane hari, wanda ya gaza matsakaicin ƙasa da ke ɗan sama da 1. Yi wa abokan hamayya irin wannan lissafi. Nan take za ka san ko gaba ce ta gaza ko baya, abin da jimillar maki ba ta faɗa, domin maki 80 a wasa mai gudu na hari 78 bai kai maki 68 a wasa mai nawa na hari 60 ba.

Daga nan ka nemi dalili. Masanin alƙaluma Dean Oliver ya taƙaita abubuwan da ke cin wasa zuwa huɗu, ya kuma jera su bisa nauyi: ingancin jifa, zubar da ƙwallo, cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, da samun jifan kyauta. Na farkon ya fi nauyi, amma shi ne ya fi rawa daga dare zuwa dare saboda jifan nesa. Na biyu da na uku su ne halin ƙungiya na gaskiya. A misalinmu, zubarwa 14 cikin hari 71.5 kusan kashi 20 cikin 100 ne. Dare ɗaya ba komai. Idan wasa biyar a jere kuna haura 20, akwai ciwo, kuma galibi a wurin mai raba ƙwallo yake: ko dai shi kaɗai ne ya iya fito da ita idan an matsa, ko ya ji rauni, ko yana buga minti 37 ƙafafunsa sun mutu kafin ƙarshe. Idan abokan hamayya suna sake cafke fiye da kashi ɗaya cikin uku na jifansu da bai shiga ba, matsalar ƙarƙashin kwando ce, ka duba ko dogonku yana yawan tara ƙeta da wuri. Ƙeta 5 ke fitar da ɗan wasa a jami'a, kuma yawancin kociyoyi suna zaunar da wanda ya yi biyu a rabin farko har sai an dawo hutu. Wannan kaɗai yana iya cinye wasa. Ka kuma raba jifan maki biyu da na uku. Idan abokan hamayya suna zura kashi 58 ko 60 na jifan kusa da kwando mako bayan mako, wannan ba sa'a ba ce, ana ratsa ku ne.

Ka rubuta waɗannan lambobi a shafi ɗaya, layi ɗaya ga kowane wasa, kuma kada ka yanke hukunci sai ka tara biyar. Shafin alƙaluman ƙwallon kwando na Bart Torvik kyauta ne, yana ba ka damar zaɓar kwanan wata ka ga matsayin ƙungiya daga 1 ga Janairu zuwa yau kawai. In tun farkon kaka kuna wajen na 30 a ƙasa, cikin Janairu ma kuna wajen na 35 ko 40, ƙungiyar ba ta sauya ba, abokan karawa ne suka yi ƙarfi. In kun zame daga na 30 zuwa na 90, wani abu ya lalace da gaske.

Misalin da ya fi kama da naku shi ne na Jami'ar Connecticut, wato UConn, a kakar 2022 zuwa 2023. Ta fara da nasara 14 a jere, ta hau har ta biyu a jerin AP. Daga 31 ga Disamba zuwa 25 ga Janairu ta sha kashi a wasa 6 cikin 8. Seton Hall ta ci ta 67 da 66, Xavier ta ci ta sau biyu, na biyun 82 da 79. A cikin wannan faɗuwa akwai sa'a, akwai kuma matsala ta haƙiƙa: kociyoyin rukunin Big East sun gano cewa Andre Jackson, duk da iya raba ƙwallo da tsaron bayansa, ba ya barazana da jifan nesa, sai suka daina bin sa, mai tsaronsa ya koma ya cushe ƙarƙashin kwando inda Adama Sanogo, ɗan ƙasar Mali, ke aiki. Koci Dan Hurley bai zaunar da Jackson ba. Ya sauya masa wurin tsayuwa, ya riƙa sa shi kutsawa kusa da kwando da yi wa masu jifa shinge, ta yadda ƙyale shi ya zama asara. Ƙungiyar ta gama wasannin rukuni da nasara 13, rashin nasara 7, aka ba ta lamba 4 cikin 16 bisa jerin ƙarfi a ɓangarenta na gasar ƙasa da ake yi bayan kaka. Ta ci wasa shida a jere, mafi ƙarancin tazara maki 13, ta doke San Diego State 76 da 59 a wasan ƙarshe ranar 3 ga Afrilun 2023 a Houston. Sanogo, wanda ya buga wasannin ƙarshen yana azumin Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon gasar. Abin lura shi ne ko a tsakiyar kashin Janairun, alƙaluman KenPom sun ci gaba da ajiye UConn cikin manyan ƙasar. Wanda ke kallon maki a kowane hari ya ga abin da mai ƙirga kashi bai gani ba.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin alkawari. A kakar nan ɗaya, Jami'ar Carolina ta Arewa ta fara a matsayin ta ɗaya a ƙasa, da huɗu cikin 'yan wasa biyar da suka kai ta wasan ƙarshe a 2022. Ta rasa Brady Manek, wanda ke buɗe mata fili da jifan nesa, kuma ba ta samu madadinsa ba. Ta sha kashi huɗu a jere tun ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba, magoya baya suka yi ta cewa za ta farfaɗo kamar bara. Jifanta na maki uku ya tsaya wajen kashi 31 cikin 100 duk kakar, kuma abin da ya wuce wasa 30 yana maimaituwa ya daina zama rashin sa'a. Ta gama da 20 da 13, ba a gayyace ta gasar ƙasa ba, ta farko da ta fara kaka a saman jeri ta rasa gurbi tun da aka faɗaɗa gasar a 1985. Shafin lambobin da muka ce ka buɗe shi zai gaya maka wanne daga cikin biyun nan kuka fi kama da shi.

Game da shiga gasar ƙasa da ake farawa a Maris, 16 da 8 ba ya faɗin komai shi kaɗai. A mataki na farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, akwai jami'o'i sama da 350, tun 2011 kuma 68 aka riƙa ɗauka. Wadda ta lashe gasar rukuninta tana samun gurbi kai tsaye, sauran guraben kwamiti ne na mutum 12 ke rabawa, a sanar ranar wata Lahadi a tsakiyar Maris. Tun kakar 2018 zuwa 2019 kwamitin yana amfani da ma'aunin NET, wanda ke jera ƙungiyoyin ƙasar bisa ƙarfi, yana kasa wasanni kashi huɗu bisa ƙarfin abokin karawa da wurin da aka buga. Kashi na farko shi ne karawa da ƙungiyar da ke tsakanin ta 1 da ta 30 a gidanka, ko ta 1 zuwa ta 50 a filin 'yan ba-ruwanmu, ko ta 1 zuwa ta 75 a gidanta. Kashi na biyu: ta 31 zuwa ta 75 a gida, ta 51 zuwa ta 100 a filin 'yan ba-ruwanmu, ta 76 zuwa ta 135 a waje. Duba inda ta ƙasan tebur ɗin nan take. A manyan rukunoni, sau da yawa ta ƙarshe ma tana cikin 135 na farko, ka ga ke nan faɗuwa a gidanta kashi na biyu ne, tabo ne ƙarami. Nasarar da kuka yi a kan ta ɗaya kuwa kashi na farko ce, kuma ita kwamiti ya fi nema. A ma'aunin masu rabon gurbi, makon da ya hana ka magana da abokin zamanka wataƙila riba kuka ci a cikinsa. Abin da ke kashe ƙungiya shi ne faɗuwa a gida a hannun ta kashi na uku ko na huɗu, da rashin ko nasara ɗaya ta kirki a waje.

Saboda haka ka ɗauki wasa 7 da suka rage ka rubuta wa kowanne kashinsa tun yau, kafin a buga. Ka ware waɗanda dole a ci, waɗanda za su iya faɗawa ko'ina, da waɗanda cin su garaɓasa ce. Ka rubuta adadin da za ka kira nasara, misali 4 cikin 7 da ɗaya a waje. Amfanin rubutawa tun yanzu shi ne zuciya ba za ta riƙa matsar da ma'aunin duk bayan wasa ba. Daren da aka ci ku a gidan ƙungiya ta 15 a ƙasa, ka riga ka sa shi a lissafi.

Ka kuma san irin gasar da kake ɗokin shiga. Sili ɗaya ƙwale ce. Ƙungiyar da ke da damar kashi 80 cikin 100 a kowane wasa, wanda ƙarfi ne na ban mamaki, damarta ta cin shida a jere kashi 26 ce kawai. Virginia ta shiga gasar 2018 da nasara 31, rashin nasara 2, jami'ar UMBC mai lamba 16, ta ƙarshe a ɓangaren, ta fitar da ita 74 da 54 a wasan farko, a shekara mai zuwa kuma ta ɗauki kofin da kocin nan dai, Tony Bennett. Kentucky ta ci 38 a jere a 2015 Wisconsin ta tare ta. Tun Indiana a 1976 babu ƙungiyar maza da ta gama kaka da kofi ba a ci ta ba. In ma'auninka kofi ne, jami'a ɗaya ce ke farin ciki duk shekara.

Batun korar koci ba za mu daɗe a kai ba. Ba a auna koci da Janairu ɗaya. Ana duba shekara uku ko huɗu: shin 'yan wasansa suna ƙaruwa daga shekara zuwa shekara, shin ƙungiyar Fabrairu ta fi ta Disamba, shin idan an gano lagonsa yana sauya tsari ko yana nacewa. Ba a kuma auna shi da mako ɗaya na sa'a. Jami'ar NC State ta gama wasannin kaka na 2024 da 17 da 14, ana ta kiran a kori Kevin Keatts, sai ta ci wasa biyar cikin kwana biyar ta lashe gasar rukunin ACC, ɗaya daga ciki da jifan nesa da ya daki allo ya shiga daidai ƙarewar lokaci, ta wuce har zagayen huɗun ƙarshe na ƙasa. Shekara guda bayan haka ta ci 12 aka ci ta 19, aka sallame shi. Masu zaginsa a Fabrairu da masu kirarinsa a Afrilu duk gaggawa suka yi. Kai dai ba ka cikin masu yanke wannan hukunci, kuma rubutunka na ƙarfe biyun dare ba ya isa teburin daraktan wasanni.

Abin da rubutun ke isa shi ne kai. Ɗalibi baƙo da ke neman aiki ko sabunta biza bai kamata ya bar zagi da sunansa a Intanet ba, don ana dubawa. Share abin da ka rubuta. Kada kuma ka taɓa aika wa ɗan wasa saƙon cin mutunci. Yara ne 'yan shekara 18 zuwa 23, ɗalibai kamarka, gobe kana iya haɗuwa da su a ɗakin karatu.

Wasa ɗaya yana cin kimanin sa'a biyu, ana buga biyu a mako. Sa'a huɗu ko biyar ke nan, kuma babu ɗalibin da wannan zai kayar. Abin da ke cinye ka shi ne bayan wasa. Don haka ka sa doka: ana busa tashi, minti biyar na lissafin da muka nuna maka, sai waya ta tafi caji a wajen ɗakin kwana, ka saita agogon Asuba daban. Kashe sanarwar manhajojin wasanni, ka fita daga zaurukan magoya baya na X da Reddit har kaka ta ƙare, ko aƙalla kada ka leƙa sai washegari da rana, lokacin da masu zafin kai sun yi barci masu hankali sun fara rubutu. Kallo cikin mutane a filin wasa ko ɗakin taro ya fi kallo kai kaɗai a ɗaki sauƙi ga zuciya, domin kuna fitowa tare ana raha, abin ya wuce. Wasannin waje na tsakiyar mako da ke farawa ƙarfe 8 ko 9 na dare, idan kana da aji da safe, ka bar su, ka ga taƙaitaccen bidiyon da safe. Yawancin makarantun gaba da digiri a Amurka suna buƙatar matsakaicin maki 3.0, kuma tallafin karatu da matsayin bizarka suna rataye da karatun. Ka je wurin malaman da aikinsu ya taru maka a wannan makon, a lokacin ganawarsu da ɗalibai, ka nemi sabon wa'adi kafin su neme ka.

Wani abu da ba ka ambata ba amma muna jan kunnenka a kai: tun 2018 caca a kan wasanni ta halatta a dokar jihohi da yawa na Amurka, tallanta yana cikin kowane hutun wasa, kuma mai jin haushin ƙungiyarsa shi ne abincinsu. Ka san hukuncinta a addini. A lissafi ma, mutumin da ya fahimci cewa jifan nesa kaɗai yana juya maki 15 a dare ɗaya ba zai sa kuɗin hayarsa a kai ba.

Abokin zamanka kuwa, kai za ka fara. Ba sai an yi dogon zama ba. Ka ce masa ka yi zafi a kan abin da bai kai ba, ka dafa abinci ku ci tare. Muna kuma zargin cewa ba ƙwallo kaɗai ke damunka ba. Janairu da Fabrairu a tsakiyar Amurka watanni ne na tsananin sanyi da gajeriyar rana, kana nesa da gida, filin wasan nan shi ne wurin da ka fara jin kai ma ɗan gari ne. Shi ya sa kashin ke maka zafi fiye da kima. Ka ƙara wa makonka wani wurin zama da mutane wanda ba ya dogara da sakamakon wasa: ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ta ɗaliban Afirka, ko ka shiga gasar cikin gida ta ɗalibai ka buga ƙwallon da hannunka, wanda zai koya maka wahalar jifan kyauta fiye da duk bayaninmu. Idan rashin barcin ya wuce mako biyu har a dararen da ba a buga wasa ba, ka je cibiyar ba da shawara ta makarantarku. Yawancin jami'o'i suna da ita, kuɗinta yana cikin abin da ka riga ka biya, kuma abin da ka faɗa a can sirri ne.

Ka shirya wa bazara ma. Tun da aka buɗe rajistar sauya makaranta a 2018, aka kuma ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu daga 1 ga Yulin 2021, ƙungiyoyi da yawa suna sauya rabin 'yan wasansu ko fiye duk shekara. Makonni kaɗan bayan wasanku na ƙarshe za ka ji wanda ka fi so ya koma wata jami'a, wasu da ba ka taɓa jin sunansu ba sun zo. Kada ka yi hukunci a kan sabuwar ƙungiyar da jerin sunaye ko wasannin Nuwamba. Ka buɗe sabon shafi, ka fara cika layukan daga wasan farko da za su buga a gidan wani.